Tafiyata Duwala Ɗauko Motar Alhaji Sale

Garwa

Tun kafin kiran asalatu muka bar gida, ni da maƙwabcina Alhaji Sale mai injin niƙa. Saƙo aka aiko masa a waya, wai ya ci mota a cacar tombola, ya zo Duwala ya karɓa. Ni direba ne, ya ɗauke ni in tuƙo ta. Injin nasa ya sayar ya tura wa masu saƙon kuɗin takardu, ya kuma sa magina suka rushe zaurensa don motar ta sami hanyar shiga.

Ngaundare

Kafin mu shiga gari jandarma ya tare bas ɗinmu, ya tambayi inda muka nufa. Alhaji ya miƙa masa wayar yana hura hanci. Mutumin ya karanta, ya yi ta dariya har ya manta da na goro. Nan na fara shakkar lamarin. A jirgin ƙasa muka kwana zuwa Yawunde, Alhaji yana lissafa waɗanda ba zai rage wa hanya ba.

New Bell

Da muka iso Duwala, a wannan unguwa muka sauka, gidan yayansa Baba Tanimu, aka kawo mana gasasshen kifi da rogo.

Da Baba Tanimu ya ji labarin sai ya ce, "Sale, tikiti nawa ka saya?"

"Ko ɗaya, Yaya. Rabo ne."

Tsohon ya ja mu bakin titi, wata rumfa inda magidanta suka duƙufa da biro suna zaɓen dawakan da ke tsere a Faransa. Ya ce, "Kowa ya zuba, a ba mutum ɗaya, mai abin ya kwashe saura. Waɗannan kullum suna zubawa ba su ci ba, sai kai?"

Alhaji ya ce hassada ce.

Bonaberi

Da safe muka haye gada a kan babur zuwa wannan unguwa, karɓar mota. Adireshin da aka ba mu shagon aski ne. Mai askin ko ɗaga kai bai yi ba.

"Motar ce? Asseyez-vous, ku zauna ku huta. Jiya ma wasu sun zo."

Alhaji ya kira lambar, a kashe. Ya zauna a benci ya cire hula. Wallahi ya ba ni tausayi.

Gida

A bayan motar ayaba muka dawo. Godiya ga Allah da ya kawo mu lafiya, da Baba Tanimu da ya biya mana kuɗin hanya bai goranta mana ba. Mun tarar 'yan unguwa sun share ƙofar gida sun yayyafa ruwa, suna jira. Alhaji ya ratsa su da ƙafa, jakarsa a kafaɗa, ya shiga ta ƙofar da ta ishi tirela.