Bijimin da Yaya Ya Sayo

Ni ban gaji sana'ar shanu ba. Mahaifinmu manomi ne a wani ƙauye kusa da Toranke, kuma da ya rasu bai bar mana ko akuya ba, sai gona. Mu biyu ne maza, ni da yayana da ya girme ni da shekara tara. Shi ya riƙe gonar, shi ya ciyar da mahaifiyarmu har ta koma ga Allah. Shi ne kuma, ganin fartanya ba ta zauna a hannuna ba, ya ce da ni wata rana, "Tafi ka bi 'yan kasuwarka, ni na noma rabonka." Da wannan izini na tafi Gaya. Na fara da riƙe wa dillalai igiya a kara, wato fagen cinikin shanu, na koma sayen maraƙi ina kiwatawa ina sayarwa, har na kai ana kirana in duba dabba kafin a saya. Idona shi ne jarina. In saniya ta gitta ta gabana sau ɗaya, zan faɗa maka shekarunta da abin da ke damunta, kuma ba kasafai nake kuskure ba.

'Yan shekaru bayan samun 'yancin kai, garmar shanu ta fara yaɗuwa a ƙasarmu. Mai shanun huɗa biyu sai ya gama gonarsa da wuri, ya shiga ta maƙwabta. Yaya ya sa abin a ransa. Yana da sa guda da ya rena tun yana maraƙi, saura abokin karkiya. Damina uku yana ƙulle abin da ya samu a gyaɗa, matarsa ma ta sayar da tumakinta ta ƙara masa. Duk wannan bai gaya mini ba, kuma na san dalili. A wani taron suna na taɓa cewa, cikin raha, in aka ɗaura wa jaki ƙaho Yaya zai saye shi a matsayin sa. Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ashe maganar ta zauna masa. Don haka da abin hannunsa ya cika, bai zo Gaya inda zai gamu da ni ba. Ya taka da ƙafa har kasuwar Kademi, ya yi cinikinsa shi kaɗai, ya jawo bijimi zuwa gida.

Washegari ya aiko in zo. Bazara ce, hadari yana haɗuwa a gabas yana watsewa. Na hau kekena na isa da hantsi, na tarar da mutane a ƙofar gidanmu kamar ana ɗaurin aure. Ga farin bijimi a ɗaure a gindin tsamiya, dogo, mai kyan ƙaho da tozo. Yaya yana tsaye kusa da shi cikin rigarsa ta idi.

Wanzamin garinmu, wani tsoho da bakinsa ya fi askarsa kaifi, shi ya fara hango ni.

"Ku matsa, ga likitan shanu ya iso! Yau za mu ga ko wa ya ci ƙane, ko ƙane ya ci wa."

"Baba, bari in sauka daga keken tukuna," na ce.

"Sauko, ai keken ma tsadarsa aka yi maka."

Yaya ya miƙo mini hannu, bakinsa ya ƙi rufuwa. "Sannu da hanya. To ga shi nan. Duba mana, tunda an ce kai ne mai ido."

Tun kafin in taɓa shi na ga akwai matsala. Gashinsa a tsaitsaye yake, ba ya sheƙi. Cikinsa ya cika tim, amma cikar ruwa ce: an ba shi kanwa ya lasa, an bar shi ya sha har ya ƙoshi kafin a shigar da shi kasuwa, dabarar da na san ta tun ina riƙe igiya. Na ɗaga fatar idonsa, fari fat, babu jini. Na sa hannu ƙarƙashin haɓarsa, na ji kumburi mai laushi kamar an ƙulla ruwa a tsumma. Ciwon hanta ne, kuma ya daɗe. Wannan sa ba zai ga kaka ba, balle a ɗora masa karkiya.

Akwai mafita, kuma kowa a kara ya san ta. In ka sayi dabba aibi ya bayyana kafin kasuwar ta zagayo, kana iya mayar wa dillali, dole ya karɓa. In kasuwa ta ci ta watse, ciniki ya zauna. Kwana shida suka rage mana.

Amma akwai wata al'adar, ita ma kowa ya san ta. Abin da mutum ya riga ya saya ya kawo gida ba a kushe masa. Ba shawara yake nema ba, albarka yake nema. Balle ƙane ya kushe wa yayansa, a ƙofar gidan ubansu, gaban wanzami da rabin gari. Na ɗago kai na ga yadda Yaya yake kallon bakina. Tun da nake ban taɓa ganin mutumin nan yana jiran maganata ba sai ranar.

Na ce, "Yaya, ka yi saye. Allah ya sa albarka."

Wuri ya ɗauki "amin". Wanzami ya buga tafi. "Kun ji! Ashe idon na gidan ne, ƙaramin aro ya yi ya gudu da shi birni."

Na ce a raina, in mutane sun watse zan ja shi gefe. Mutane suka watse. Muka zauna a zaure, aka kawo fura, sai Yaya ya shiga ba ni labarin cinikin: yadda ya zagaya kara sau uku, yadda ya yi kamar zai tafi dillali ya kamo hannun rigarsa, yadda ya buɗe bakin san ya duba haƙora kamar yadda ya taɓa gani ina yi. Haƙoran kam ya duba daidai. Matarsa ta leƙo ta gaishe ni, ta ce tun jiya bai ci abinci ba sai ya ga san ya ci. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Yaya, ka riƙa jiƙa masa ɓawon maɗaci, yana ƙara wa dabba ƙarfi." Ya ce to, ya gode. Na hau keke na koma Gaya.

Kwanakin nan shida ban zauna ba. Na shiga kasuwanni ina neman farin sa mai kama da shi, wai in san dabarar da zan musanya ba tare da ya gane ba. Wauta ce, domin mutumin da ke shafa dabba safe da yamma ya san kowane tabo a jikinta. Na ce to gobe zan je in faɗa masa. Gobe ta zo, na ce wataƙila idona ne ya yi kuskure. Ban yi kuskure ba, kuma na san ban yi ba. Ni da nake gaya wa baƙo, wanda ban san sunansa ba, "Kada ka sayi wannan, gurguwa ce," na kasa gaya wa wanda ya noma rabona. Ranar da kasuwar Kademi ta zagayo ina zaune a rumfata a Gaya har la'asar, ina ji a jikina tana watsewa.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Yaya ya horar da shanun biyu da jan kututture, farin yana haki amma yana bi. A sati na biyu na huɗa, da rana tsaka, ya durƙusa a tsakiyar gona da karkiya a wuyansa, ya ƙi tashi. Aka yi gudu aka kira mahauci ya yanka shi kafin ya zama mushe. Mutanen gari suka yi watanda, kowa ya ɗauki kashin nama gwargwadon ƙarfinsa don a rage wa Yaya asara, amma naman dabbar da ta rame ba ya mayar da ko rabin abin da aka sa. Da mahaucin ya ciro hantar, an ce ta farfashe a hannunsa, cike da tsutsa. Ya ɗaga ta ya ce, gaban kowa, "Wannan ciwon ya shekara a jikinsa. Duk wanda ya san shanu, in ya shafa haɓarsa zai gane."

Labari ya same ni, washegari na je. Na tarar da Yaya a gonar, shi kaɗai, yana huɗa da garmar hannu daga inda shanun suka tsaya. Na yi sallama, na yi masa jaje. Ya amsa bai miƙe ba. Sai da ya kai ƙarshen kunya ya dogara da ƙotar garma, ya dube ni.

"Ranar nan na ga ka sa hannu a haɓarsa."

"Na sa, Yaya."

"Ka ji a hannunka abin da mahauci yake nufi?"

Ƙarya tana kusa, kuma mai sauƙi ce. In na ce kumburin bai fito ba a lokacin, babu mai ƙaryata ni, san ya riga ya shiga tukwane. Amma na gaji da ɗaukarta.

"Na ji."

"Ka san ana mayarwa?"

"Na sani."

Ya goge zufa da bakin rigarsa. Na fara cewa na ga farin cikinsa ne, na ji nauyin mutane, ban so in kunyata shi ba. Ya ɗaga hannu.

"Da ka faɗa mini, da na zage ka. Da na ce baƙin ciki kake yi. Da na yi kwana biyu ba na amsa gaisuwarka, a na uku in ja shi in mayar. Ni yayanka ne, zagina ba ya kisa." Ya sake kama garmar. "Amma kai ka dube ni ka ga yaro ne da aka saya wa alewa, ka ce bari a bar shi ya tsotsa. Tumakin matar nan fa? Su ma nauyin mutane ka ji?"

Na ce zan kawo masa wani san kafin jibi, lafiyayye, daga cikin nawa.

"A'a. Allah ya amfana maka abinka."

Na kawo duk da haka. Ya sa aka mayar mini da shi har Gaya, da saƙon godiya.

Ba mu yi faɗa ba, kuma wanda bai sani ba ba zai ce akwai wani abu ba. Ina zuwa a shimfiɗa mini tabarma, a kawo ruwa, a tambayi iyali da kasuwa. Abu ɗaya ne ya ɗauke. Yaya bai ƙara tambayata ra'ayi a kan komai ba. Ya aurar da 'ya'yansa mata, sai goro nake gani. Da shekarun fari suka zo ya sayar da ɗaya san, a bakin wani dillali na ji. Hatsin da nake aikawa a lokacin yana karɓa saboda yara, ya aiko da godiya irin wadda ake yi wa baƙo. Bai ƙara mallakar shanun huɗa ba. Ni kuwa a shekarun nan kasuwa ta buɗe mini, na gina gida, na je Makka, ana ta cewa Alhaji ba ya ɓoye aibin dabba ko tasa ce. Gaskiya ne, ba na ɓoyewa. Sai dai duk lokacin da aka yabe ni da haka, ba na jin daɗin da masu yabon suke zato.

Shekara biyu ko uku bayan wucewar fari, ciwo ya kama Yaya. An ce mini tari ne. Na je na same shi a zaure da rana, an jingina shi da bango. Ƙafafunsa sun kumbura, wuyansa ya zama kamar sillen kara, numfashinsa yana fita da ƙyar. Na zauna kusa da shi, na ƙudura cewa in ya tambaye ni yadda na gan shi zan faɗa masa, ko me zai biyo baya, don ya yi wasiyya, mu yafi juna da baki. Na jira. Ya tambayi yara, ya tambayi farashin shanu.

Na ce, "Yaya, yaya jikin?"

"Da sauƙi sosai. Jiya ma na sha kunu kofi biyu."

"In nemo mota mu je asibiti a Kano."

"Don ɗan tari? Haba, Alhaji. Ba gobe za ka Wudil ba? An ce kana da shanu da za ka kai."

"Zan iya fasawa."

"Kada ka fasa. Je ka yi kasuwarka. In ka dawo za ka same ni a gona."

Ya yi murmushi, ni ma na yi. Ya san na gani, na san ya sani. Matarsa tana tsaye a bakin ƙofa tana kallon ƙasa. Ina iya cewa, "Yaya, ba gaskiya ba ne, ba inda za ni." Amma wannan ita ce magana mafi laushi da ya yi mini cikin shekara goma, na kasa mayar masa da ita. Na ce Allah ya ƙara sauƙi, na tashi.

Na kai shanuna Wudil ranar Juma'a. Ina cikin ciniki wani mutumin garinmu ya ratso kara ya kama hannuna, ya ce in yi haƙuri. Kafin in isa gida an riga an kai shi makwancinsa.

Na tambayi matarsa ko ya bar mini wata magana. Ta ce ya ce a gaishe ni, ya ce ya yafe mini duniya da lahira. Na dubi fuskarta da idon nan da ake yabo, na kasa gane ko da gaske ya faɗi haka, ko ita ma tausayina ta ji. Ban sake tambayarta ba, har ita ma ta rasu.