Mani Dillali da San Gidansa

Mani bai gaji gonar kirki ba, bai gaji garke ba. Baki ya gada, shi ma ta wajen uwa. Da wannan bakin ya yi shekaru yana dillanci a karar Ɗambatta, inda ake cinikin dabbobi. In ka ji dariya ta tashi a gindin turaku, to Mani ne ya riƙe igiyar san wani yana kuranta shi.

Ramammen sa a bakin Mani "mai ƙashi ne, ciyawa kawai yake jira". Tsohon da haƙoransa suka zube "ya san aiki, ba sai an koya masa ba". Mai tunkuyi kuwa "yana da zuciya". Ya taɓa sayar da wata saniya mai ido ɗaya da cewa ba ta da kalle-kalle.

Sana'ar tasu a kan 'yan kalmomi take juyawa. Mai saye ya taya. In tayin bai kai ba a ce "albarka". In ya kai a ce "an sallama", a haɗa hannu, magana ta mutu ke nan, ko uban mai sa ya taso daga kabari ba a warwarewa. Sai la'ada, ladan dillali. Mani kan ce albarka iri uku ce. Akwai ta "matso kaɗan", akwai ta "ka raina mu", akwai ta "tashi ka ba ni wuri", kuma duk ya iya su.

Sai shekarun nan suka zo. Ruwa ya ɗauke tun dawa ba ta fid da kai ba, shekara ta biyu ta biyo sawun yayarta. Kara ta cika maƙil da dabbobi, masu saye kuwa ana nemansu kamar ruwa a rijiyar bazara. La'ada ta ƙafe. Rumbun Mani ya kai in ka leƙa ka yi tari sai ya amsa maka.

Abu ɗaya ya rage a gidan, Ɗan Baƙi, san da ya saya tun yana maraƙi, matarsa Turai ta raine shi da dusa da ƙasari. Shi ke masa huɗa, a haɗa shi da na maƙwabci. Yanzu babu zaɓi. Ko dai a sayar da shi a auno dawar da za ta kai gidan kaka, ko a zauna ana kallon juna.

A al'adar kara, dillali ba ya tsayawa a kan nasa. Abokin sana'a yake miƙa wa igiya, ya koma gefe ya yi shiru kamar kowane mai dabba.

Turai ta ce, "Malam, ka ba abokin dillancinka Talle igiyar nan. Ko wanzami ba ya aske ƙeyarsa."

"In ba Talle la'ada? Tallen da in ya yabi sa, san ne ke sunkuyar da kai don kunya?"

Ranar kasuwa ya ja abinsa da kansa. A lokacin Ɗan Baƙi na da sauran tozo, gashinsa na sheƙi. Alhaji Ja'afaru, falken da ke lodin shanu zuwa kudu, ya tsaya yana zagaya shi.

Mani ya ce, "Alhaji, lafiyayye ne, bai taɓa kwanciya ciwo ba. Ya san garma, ko mace ta kora shi."

"Haka ka ce min a kan jan nan na bara. Bai kai Wudil ba muka yanka shi a cikin mota."

Aka kwashe da dariya.

"Wannan nawa ne, Alhaji. San gidana ne."

"To ai shi ya sa. Na mutane ma ya muka ƙare da kai, balle naka."

Duk abin da Mani ya faɗa a ranar gaskiya ne. Amma kalmomin ya riga ya tsufar da su a kan guragu da masu tari, yau da ya nemi su yi masa aiki sai suka fito kamar tsohuwar riga, duk ɓula. Ja'afaru ya taya tayin mara lafiya. Mani ya ba shi albarka ta ukun nan, ta tashi ka ba ni wuri.

Talle ya matso ya raɗa masa, "Ka sallama, Mani. Kasuwar gaba sai ta fi wannan lalacewa."

"Kai ma taya, sai in ba ka taka albarkar."

Ya komo gida da sa. Babu harawa, babu dusa, tunda sai an surfa hatsi ake samun dusa. Aka ba shi karan danga, da danga ta ƙare aka shiga zare ciyawar rufin rumbu. Kasuwa ta zagayo, Ja'afaru bai zo ba. Tayi ya sauka, dawa ta hau. Mani ya yi albarka mai laushi, ta matso kaɗan, ba wanda ya matsa. Daga baya ya miƙa wa Talle igiyar, amma kara duk ta san san Mani, ga haƙarƙari ya fito ana ƙirgawa daga nesa.

Zuwan ƙarshe, ana hangen rumfunan kasuwa Ɗan Baƙi ya durƙushe a hanya. An ja, an ɗaga wutsiya, ya ƙi tashi. Tasi'u mahauci, wanda labarin irin wannan ke riskarsa kafin ungulu, ya zo ya tsugunna ya taya. Tayin ko kuɗin tunkiya mai kyau bai kai ba.

Mani ya ce, "Hutawa yake yi."

Ba wanda ya yi dariya.

Tasi'u ya ce, "Baba Mani, in ya cika a nan mushe ne. Ko fatar sai an roƙe ni."

Mani ya daɗe yana shafa goshin san. Sannan ya miƙa hannu ba tare da ya ɗago ba.

"Na sallama."

Ya koma gida da igiya a kafaɗa da ɗan ƙullin dawa a ka, wanda bai sa wuyansa ko gajiya ba. Turai ta ɗaga ƙullin da hannu ɗaya.

"Wannan zai kai mu ina, Malam?"

"Zai kai mu shuka."

"Huɗar fa?"

Mani ya rataye igiyar a turken Ɗan Baƙi. Kafin damina ta raba tsakiya gonar ta shiga jingina, har yau ba ta fito ba.

Yana nan a kara duk ranar kasuwa, a gindin turken da ya saba. In baƙo ya tambaye shi yaya wancan san yake, sai ya ce, "Ga shi nan, ka duba." Dillali mai irin wannan baki kuwa ba a ba shi igiya.