Layin Kawu Na-Uku

Kafin a laƙaba masa Na-Uku, Kawu Ƙarami ake ce masa, kuma aikinsa a shagon ɗinkin yayansa bai wuce sa maɓalli da guga ba. Shekara da shekaru yana bayan labule, tsakanin buhun ƙyallaye da dutsen guga, amma ko wuyan riga bai iya yankawa ba. Abin da ya iya shi ne latsa waya. Akwai wani wasan zaɓe a cikinta, inda mutum ke ɗaukar ɗan takara ya yi ta yawon kamfe da babban yatsa. Kowa manyan jam'iyyu biyun yake ɗauka, shi kuwa sai ɗan ƙaramin na uku, wanda bai taɓa ci ba. Rigunan da suka ƙone saboda wannan ɗan takara, Allah kaɗai ya san yawansu.

"Ba ci ake nema da shi ba," yakan ce wa matarsa. "Kina riƙe 'yan ƙuri'unki, manya su zo suna lallashi. A ƙarshe ki danna janyewa, ki juye wa wanda kika ga dama."

"To mai juye ƙuri'a, gawayi ya ƙare," in ji ta.

Sai zaɓen ƙungiyar teloli ya zo, daidai lokacin da za a sake raba shagunan kasuwa, kuma shugaba ne zai raba. Yaya ya tsaya. Dogo ma ya tsaya, wanda ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan shagon Yaya na bakin ƙofa, shagon da ke ciyar da gida biyu. Kwatsam Kawu ya ce shi ma yana ciki.

"Kai da ko almakashi ba ka riƙe daidai?" in ji Yaya.

"Siyasa ce, Yaya, ba ɗinki ba. Zuba ido kawai."

Ba kujera yake so ba. So yake sau ɗaya a duniya Yaya ya ɗaga labulen nan ya roƙe shi. Yaya ya ɗaga labulen kuwa, ya jibge masa wanduna ya ce a goge kafin la'asar.

Teloli ba sa zaɓe da takarda. Ɗan takara ya tsaya, masu sonsa su yi layi a bayansa, ido na ganin ido. Ranar, mutane kaɗan suka tsaya bayan Kawu: mai surfanin da Yaya ya taɓa kushe wa aiki a gaban masu kaya, da wani da Yaya ya sallama, da abokansu. Haushin Yaya suke ji, amma kunya ta hana su bin Dogo a fili, sai suka fake a layin da ba ya cutar kowa. Kawu bai tambaye su dalili ba. A waya ba a tambayar ƙuri'a abin da ya kawo ta.

Ya leƙa manyan layukan biyu, na Yaya ya ɗan fi tsawo. Da ya tsaya cak kamar turke, da shi ke nan. Amma idan Yaya ya ci ba da hannunsa ba, wa zai gode masa? Ya ɗaga hannu, ya ce ya janye wa ɗan'uwansa, ya taka a hankali kamar ango zuwa bayan Yaya, ko waiwaye babu.

"Tunda ka kwashe mana inuwa, ai sai mu shiga rana," in ji mai surfani. Ya ja sauran suka bi Dogo.

Da haka Dogo ya ci zaɓe. Yaya bai zagi Kawu ba, ko kallo bai ishe shi ba. Da aka zo rabon shaguna, Dogo ya ba Yaya wani lungu can baya kusa da kwata, wurin keke ɗaya da benci. Yaya ya naɗe labulen, ya ɗora dutsen guga a kai, ya aika wa Kawu gida.

Yanzu a ƙofar gida Kawu yake guga, in an samu mai kawowa. Wayar tana gefensa, kuma har yau na ukun yake ɗauka. Ya ce lissafinsa daidai ne, teloli ne ba su san ƙa'idar zaɓe ba.

"Haka ne," in ji matarsa. "Ɗaga dutsen, wandon mutane na hayaƙi."