Shafuka Biyun da Na Cire

Bana shekara arba'in ke nan da muka kai wana, Yaya Sale, makwancinsa a Gumel. Kowace shekara nakan yi masa addu'a in kama bakina. Wannan karon zan faɗi abin da ban faɗa masa ba.

A tsakiyar shekarun 1950 ni ƙaramin akawu ne a ofishin ayyuka, shi kuwa shugaban leburorin hanya. Kuɗin da aka ware ba zai isa hanyar burji biyu ba. Ko dai a yi wadda za ta kai tashar jirgin ƙasa ta Gagarawa, ko wadda za ta shiga ƙauyukanmu na bayan Sule Tankarkar. Sai aka ce mu auna abin da kowacce za ta ci da abin da za ta jawo.

Ni na zauna a tebur ina lissafin kwanakin leburori da marmarar da za a haƙo da buhunan gyaɗar da motoci za su kwasa. Yaya Sale ya hau kekensa ya yi mako biyu a ƙauyuka. Ya dawo da shafuka biyu da ajami: sunayen matan da naƙuda ta yi wa gardama amalanke ya kafe da su a rairayi, da manoman da ke karyar da gero saboda ba motar da ke zuwa, da rijiyoyin da suka rufta don siminti bai isa ba.

Ya miƙo mini ya ce, "Mamman, haɗa da naka. Wannan ma amfani ne, ko da ba ya shiga buhu."

Ban haɗa ba. Na ji tsoron Baturen ofis ya ce muna jan hanya zuwa ƙofar gidanmu, ga shi ina jiran ƙarin girma. Aka zaɓi Gagarawa. Shi ne ma ya jagoranci aikin, rani biyu yana cikin rana, bai yi ƙorafi ba. Sau ɗaya tak ya tambaye ni ko manyan ofis sun karanta shafukansa. Na ce sun karanta. Ya ce to shi ke nan, sun fi mu sani.

Damina ta uku bayan haka ƙanwarmu Hajara ta rasu a kan amalanke, ana kan hanyar kawo ta asibiti a Gumel. Ban sani ba ko hanya za ta tsirar da ita. Kwana na Allah ne. Wataƙila ma ko an karanta, gyaɗar ce za ta yi rinjaye. Amma na hana masu hukunci ganin rabin maganar.

Yau kwalta ta ratsa ƙasar nan. Manyan motoci na wucewa Maigatari, babura na shiga har lungun da aka haife mu. Jikata da ke karatun injiniya ta gaya mini yanzu ana saka lokacin matafiyi da rayukan da hanya za ta ceta a cikin lissafin. Da Yaya Sale zai ji, na san ba zai yi mamaki ba. Tambaya ɗaya zai yi mata: kun je kun zauna da mutanen, ko daga ofis kuka ƙiyasta?

Bai bar gida ko gona ba. Tsofaffin leburorinsa har suka ƙare suna ba da labarin yadda yake sanin sunan kowane ƙauye da abin da ke damunsa. Ya rasu yana zaton an saurari mutanensa an ga ba su isa ba. Ba a saurare su ba, Yaya. Shafukanka a aljihuna suka tsaya. Allah ya jiƙanka, ya yafe mini.