Ta Cire Takalmi a Bakin Ƙarfe

Tun ranar da aka sauke katafila a layinmu na unguwar Television hankalina bai sake kwanciya ba. 'Yata ba ta daɗe da cika shekara biyu ba, ƙafa ta buɗe, kafin in juya ta kai bakin titi. Kullum abin da nake gani a raina, injin ya juyo, direba can sama bai hango ta ba.

Kwata suka zo haƙawa. Gaban shagunanmu kuwa an shimfiɗa bulo mai kyau don masu tafiya a ƙasa, sai ma'aikatan suka kawo manyan faifan ƙarfe suka jera a kai, don kada nauyin injin ya farfasa shi. Idan katafilar ta hau, ƙarar har cikin haƙorana nake jinta.

Shugabansu dattijo ne mai barkwanci. Na ce, "Baba, don Allah ku riƙa duba baya, akwai yara."

Ya ce, "'Yata, injin ba ya cin mutum. Wannan ƙarfen dai, da azahar ko ƙwai kika fasa masa zai soya miki."

Maƙwabciyata, wata 'yar Binuwai mai sayar da garin rogo, ta ce, "To Baba, kawo ƙwan, mu kawo burodi." Muka yi dariya, har da ni.

Da aikin ya matsa gaba, suka bar faifai uku a ƙofarmu. Lokacin zafi ne. Matan layin muka ga wurin shanya ya samu, barkono yini ɗaya ya bushe ƙayau. Na san zafin ƙarfen nan sarai, don shi nake shanyar.

Ni na koya wa yarinyar cewa ba a taka shimfiɗa da takalmi. Ta riƙe abin sosai, ko buhu ta gani a ƙasa sai ta tuɓe. Ran nan ina tsaye ina leƙen katafilar can ƙarshen layi, ina lissafin ko za ta dawo. Da na waiwayo, ga silifas ɗinta biyu a jere a bakin ƙarfen, tsaf yadda nake so. Ita kuma tana tsakiya, kusa da barkonona. Ba ta gudu ba. Ta tsaya cak, baki buɗe, kukan bai fito ba tukuna, tana kallona.

Sati uku ana wanke mata tafin ƙafa a asibiti. Ta warke, tana gudu yanzu. Bulon ma ko ɗaya bai fashe ba. Amma har yau idan na ga ƙananan takalma a jere bakin tabarma sai in kawar da kai, ita kuma sai an yi da gaske take yarda ta cire nata.

Idan aka shimfiɗa irin ƙarfen nan a layinku, don Allah ku ɗora tafin hannu a kai da rana tsaka ku ji. Sannan ku roƙi ma'aikatan su zuba yashi a kai ko su kewaye shi da igiya.