Gaisuwar Surukai da Gilashi a Ido

Shekarar da aka cire mini yanar idon dama, likita ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ya ce a cikin ido akwai wata 'yar jaka, marar kauri kamar ɓawon albasa. Ya kwashe yanar daga cikinta, ya zura ɗan gilashi a gurbin. Tawa jakar ta ɗan saki, in ji shi, don haka kada in sunkuya, kada in ɗauki kaya, sai ta tsuke ta riƙe gilashin. Ya faɗi iya lokacin da zan kiyaye. Ni dai "kada ka sunkuya" kawai ta shiga kunnena.

Na koma Gummi da wuya a sandare. Wata ya wuce, wani ya bi, ina salla a kan kujera, ina tafiya kamar mai tallan nono. Takalmi ma da yatsan ƙafa nake lalubo shi. Matata ta ce, "Malam, gilashin ga hwa ba tsabar gero ba ne, balle ya zube." Na ce idon nawa ne ko nata?

Ana cikin haka neman auren ɗan wana ya taso. Wan nawa ya rasu da daɗewa, a hannuna yaron ya tashi, dole ni zan ja gaba. Yarinyar 'yar wasu makiyaya ce a wajen Bukkuyum, kuma kakanta ne mai bayarwa. An gargaɗe mu cewa tsohon ya taɓa mayar wa wasu da goronsu don gaisuwarsu ba ta yi masa ba.

Muka same shi zaune a kan buzu a gindin tsamiya. 'Yan rakiyata duk suka zube ƙasa. Ni kaɗai na rage a tsaye, da baƙin tabarau, haɓa a sama, na jefa masa sallama daga can. Ya amsa ciki-ciki. Ya daɗe yana kallona, sannan ya juya ga ƙanensa ya ce, "Wanga shi na uban yaron? Halan haka wuyan 'yan gidansu yake?"

Na tuna yaron da safe, yana goge mini takalmi, kunya ta hana shi ɗaga kai. Wallahi tsoro ya kama ni, don na riga na yarda idan na sunkuya idon ya tafi. Na yi bisimilla na durƙusa, na kai kaina ƙasa, na tara tafin hannu a ƙarƙashin idon, don in gilashin ya faɗo kada ya ɓace cikin kashin shanu.

Sai na ji wani abu mai ɗumi ya ɗiga a hannuna. Na ce shi ke nan, an gama. Na leƙa ta ƙasan tabarau, ashe hawaye ne, ga zanen tafina ina gani tar.

Tsohon ya dafa kafaɗata. "Tashi, Malam. Wanda ka yi ma maraya kuka ba ya barin ɗiyarmu ta yi kuka. Mun ba ku."

Ban gyara masa zance ba. Ni kaina a lokacin ban san wa nake yi wa kukan ba, idon ko yaron.