Hoton Ƙirjin Baba

Ni na yi kuskure, ba wanda ya sa ni. Shekarar da magani ya yi wuya, ana tsakiyar hayaniyar zaɓe, Baba ya kwanta da tari da zazzaɓi. Malam Isa, disfensan Shagari, ya ce sanyin haƙarƙari iri-iri ne: wani allura ke kashe shi, wani dangin mura ne, allura ba ta taɓa shi. Allurarsa ta kusa ƙarewa, ba zai taɓa ta ba sai an ɗauko hoton ƙirjin Baba a Sakkwato.

Baba ko zama ba ya iyawa. Na ce a raina, ai kowa ya shaida ni na ɗauko kamanninsa sak, bari in je a madadinsa.

Shagari zuwa Boɗinga

Bayan asuba na fito ni kaɗai, na hau akori-kura bisa buhunan albasa. A shingen 'yan sanda direba ya ce, "Ranka ya daɗe, majinyaci munka ɗauko." Na yi tari, aka buɗe mana. A Boɗinga na sha fura, na canja mota.

Sakkwato

A asibiti aka kira sunan Baba, na amsa. Mai ɗaukar hoton ya dubi takarda, ya dube ni.

"Kai ne tsohon?"

"Gidanmu haka muke, ba mu nuna shekaru."

Na tuɓe riga, na rungumi ƙarfe mai sanyi, na riƙe numfashi.

Komowa

Da la'asar Malam Isa ya ɗaga hoton a taga.

"Fes! Wanga ƙirji kamar na ɗan kokawa. Tsoho bai buƙatar allura, a bar shi ya huta."

Ya mai da kwalbar allurar cikin akwati, ya ɗauko kwaɗo zai kulle.

"Malam, ƙirjina ne."

Ya ajiye kwaɗon. "To, kai dai ka warke."

Washegari muka shimfiɗa wa Baba katifa a bayan mota, ina riƙe da kansa har Sakkwato. Nasa hoton, fari ya rufe gefen dama, irin sanyin da allura ke kashewa. Da muka dawo Malam Isa ya soka masa, Allah ya saka masa da alheri.

Ranar da Baba ya iya zama, ya ce, "An ce ka je min asibiti. Allurar fa, mi ya hana ka karɓa min?"

Na durƙusa. "Baba, ka yafe mini. Na kusa hana ka magani da lafiyata."